Baba Tela a filin tekwando

Asabar, 2 ga Nuwamba

Yau na biya jika biyu kuɗin wata na koyon tekwando, wasan faɗa na ƙasar Koriya, da dala ɗari na kati. Shekarata 37, ɗinki nake yi a Sabon Gari a nan Maradi, kuma a duk filin babu mai gemu sai ni. Wata biyar ke nan ina kawo yarona na biyu nan, a farfajiyar wata lakwal a unguwar Zariya, in kishingiɗa kan moto ina jiransa, ina kallon yadda suke harbin iska ina cewa a raina wannan ai wasan yara ne. Ni na yi kokowa a ƙauyenmu ta wajen Tibiri tun ina ɗan 14 har na yi aure, kowace kaka sai an kaɗa mini. Yanzu zaman keke ya sa mini tumbi da ciwon baya. Shi ya sa da malamin yaran, wanda kowa ke kira Metir, ya ce "Baba, ka sauko daga moton nan mana," na sauko.

Kunyar farko ba ta jira ba. An jera mu layi, Metir ya daka tsawa "caryot!", kowa ya ƙame. Ya ce "kyongne!", yaron da ke gefena ya raɗa mini cewa gaisuwa ce. Ni kuwa gaisuwar da jikina ya sani guda ce, sai na zube na tsuguna, na dunƙule hannu ina jinjina. Da na ɗaga kai, yara wajen talatin suna tsaye sun ɗan sunkuyar da kai kawai, suna cije leɓe. Metir, wanda na girme shi da kusan shekara goma, ya taho da sauri ya kama hannuna: "Baba tashi don Allah, ba fadar Sarkin Gobir muke ba." Yarona ya juya baya kamar bai taɓa ganina ba.

Za mu riƙa zuwa Litinin, Laraba da Asabar bayan la'asar. Burina jarrabawar rawayar ɗamara a watan Janairu. Zan riƙa rubuta abin da ya faru da abin da na kashe.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Cinyoyina sun ƙi taka keke da safe, sai yaron shago na bar wa. Na sayi farar ɗamara jika guda. Na ɗaura ta yadda ake ɗaurin walki, kulli a gefe, bakin guda ya sauka har gwiwa, ɗayan ɗan guntu. Wata yarinya ƴar shekara 11 mai shuɗiyar ɗamara ce aka sa ta kwance mini ta sake. Kullin yana zama a kan cibiya, bakunan biyu su yi daidai. Sau uku tana nunawa, tana cewa "A'a Baba, ta ƙasa za ka bi da shi."

Asabar, 9 ga Nuwamba

Kayan da ake sawa sunansu dobok, amma duk garin nan kimono ake cewa. Na tambaya a babbar kasuwa, wanda zai shige ni an ce jika goma sha biyu. Na yi dariya. Ni da nake ɗinka babbar riga da jamfa, riga mai wuyan V da wando mai zariya ne za su ci mini jika goma sha biyu? Na sayi farin yadi huɗu a jika uku, na ɗinka da daren Juma'a kafin a ɗauke kuran. Ya zauna mini tsaf kamar na Sallah. Metir ya shafa yadin, ya dubi wandon, ya ce "To, Baba." Ban gane wannan "to" ɗin ba sai daga baya.

Wani abokina mai sayar da zare ya tsare ni a shago kan maganar sunkuyon nan, wai ruku'u ne ga wanin Allah. Na kai wa Metir maganar. Ya ce ya sha jin ta daga iyayen yara, kuma shi bai taɓa tilasta wa kowa ba: wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya dafa ƙirji ya ɗan kaɗa kai, ya wadatar. Ni haka nake yi yanzu. Ya fi mini tsugunon da na yi dai.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Wandon ya yage.

Ana koya mana ap cagi, harbin gaba: a ɗaga gwiwa, a saki ƙafa, a dawo da ita kafin a sauke. Metir yana riƙe da wata ƴar fata mai kama da mahuci, kowa ya zo ya harba. Ga farare irina yana riƙe ta daidai ƙugu. Da layi ya zo kaina, sai na ce masa ya ɗaga. Ya ce "Baba, a hankali." Na ce ya ɗaga dai. Iyaye mata uku ne zaune a bakin aji suna jiran ƴaƴansu, kuma gaskiya saboda su na faɗa. Ya ɗaga ta daidai kafaɗa. Na tattara ƙarfina na wurga ƙafa, ban ko taɓa fatar ba, sai dai kowa ya ji ƙarar "ɓarrr" tun daga hantsa har kusan gwiwa. Allah ya so ni akwai gajeren wando a ciki, amma ja ne, mai zanen ƙungiyar ƙwallo. Matan nan suka ja mayafi suka rufe baki, kafaɗunsu na rawa. Sauran darasin a zaune na yi shi, na rufe cinya da rigata.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne laifin na sana'ata ne. Da dare na ɗauko wandon yarona, wanda aka sayo a gwanjo, na juya cikinsa a ƙarƙashin fitila. Ashe a hantsar akwai wani ƙyalle na daban da aka saka, mai kusurwa huɗu, wanda ke ba ƙafa hanya idan an buɗe ta, kuma ɗinkin biyu ne a jere. Ni na yanka nawa irin wandon kaftani, ƙafa biyu su haɗu a layi guda. Abin haushin ma, wandon kakanninmu buje ai saboda hawan doki aka yi masa hantsa mai faɗi haka. Ilimin yana gidanmu, ni ne ban duba ba.

Na sayi yadi biyu mai kauri, jika biyu da rabi. Maiɗakina ta ce da na ƙara kaɗan da na sayi na kasuwar na huta. Ban amsa mata ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Sabon wando ya riƙe. Miƙe jijiya da gudu kawai. Hannuna ba ya kai yatsun ƙafata, tsakaninsu kamu guda.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Hazo ya sauko, ƙura ta rufe gari. Ba mu kai goma sha biyar ba. Faso ya fara buɗewa a dugadugaina saboda siminti, ina shafa man kaɗanya da dare.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Ƙirga da yaren Koriya ake yi: hana, dul, set, net, dasot, yasot, ilgop, yodol, ahop, yol. Metir ya ce za mu yi naushi a jere, idan an kai "set" kowa ya yi kihap, wato ihun nan da ake fitarwa daga ciki. Ni lakwal ɗin da na yi ba ta wuce aji shida ba, amma na san "set" da Faransanci bakwai ne. Sai na shirya wa na bakwai. A naushi na uku filin ya ɗauki ihu, ni shiru, ina tsammanin yara ne suka yi gaggawa. A na bakwai, filin tsit, na buɗe maƙogwaro na kwarma irin wadda nake yi idan na fito fage ana yi mini kirari. Awakin mai gadin lakwal suka watse. Wani ƙaramin yaro a layin gaba ya firgita ya fashe da kuka.

Set uku ne. Metir ya ce ba ni ne na farko ba, duk wanda ya shiga lakwal ya taɓa faɗawa ramin nan, amma ba a taɓa samun wanda ya kori awaki ba.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Wannan na yi shawara da kaina kafin in rubuta. Da rana aiki ya yi yawa, sai wajen ƙarfe uku na samu na ci shinkafa da wake, na bi da fura. Ƙarfe huɗu da rabi muna zaune ƙasa, ƙafafu a buɗe, Metir yana bi yana danna bayan kowa zuwa gaba. Da ya zo kaina ya danna, abin da ya faru ya faru, kuma siminti ba ya rufa asiri. Na yi tari don in ɓatar da sawu, ya makara. Yaron da ke bayana ya ce da ƙarfi, "Baba, sai ka sake alwala." Metir ya sa shi tsallen kwaɗo ashirin saboda rashin kunya, amma shi ma fuskarsa ta ƙi tsayawa.

Daga yau ranar horo ba na cin abu mai nauyi bayan azahar.

Litinin, 2 ga Disamba

Na biya kuɗin wata, jika biyu. Na kuma ji ciwo.

Tun farko Metir yake nanatawa cewa a harbin gaba ba da yatsu ake duka ba. Ana lanƙwasa yatsun sama, a doki abu da tudun da ke ƙarƙashinsu. A dolyo cagi, harbin da ke zagayowa ta gefe, bayan ƙafa ake sawa. Ni yatsuna sun saba da riƙe ƙasa, don a kokowa ƙafarka saiwa ce, kana tona rairayi da ita kada a tumɓuke ka. In na ce su ɗaga sai su dunƙule. Yau an kawo babban matashi da ake riƙewa a ƙirji, wani saurayi ya riƙe mini, na harba da babban yatsa tsaye. Na ji ƙas. Ban nuna ba, na sake harbawa sau biyu don kada a ce Baba ya gaji. Wannan shi ne wautar da ta fi ta farko. Kafin magariba yatsan ya zama kamar ɗanyen gauta, takalmi ya ƙi shiga, da ƙyar na taka birkin moto har gida.

Da dare ƙanin mahaifina ya kai ni wurin mai ɗori, ya ja, ya tofa, ya ɗaure, na ba da sadaka dala ɗari. Kwana ban yi barci ba. Da safe na tafi likita aka ɗauki hoto, jika biyar. Babu karaya, targaɗe ne. Maganin shafawa da bandeji a farmasi jika da rabi. An ce in huta sati biyu. Ƙafar dama ce, wadda nake taka keke da ita, ga ɗinkin bikin wata unguwa na karɓa.

Laraba, 11 ga Disamba

Ina kai yaro ina zama kan moto kamar da. Kallon ya canza mini. Yanzu ina ganin yadda ƙafar da ke ƙasa take juyawa kafin ta sama ta tashi, abin da wata biyar ina kallo ban taɓa lura da shi ba.

Metir ya tura mini faɗan Abdoul Razak Issoufou Alfaga a WhatsApp. Na san sunan kamar kowa a Nijar, na tuna murnar da aka yi a 2016 da ya ciyo azurfa a wasannin Olamfik na Rio, lambar farko da ƙasar ta samu tun tagullar da Issaka Daboré ya ciyo a dambe a Munich a 1972. Shekara 44 tsakani. A 2017 kuma ya zama zakaran duniya a Muju ta Koriya ta Kudu. Amma ban taɓa zama na kalli faɗan da idon mai koyo ba. Mutum ya haura mita biyu, yana tsaye kan ƙafa guda kamar zalɓe, ɗayar tana sama tana neman hanya, kuma hannunsa ba ya kai wa ga kama kowa. Ni ina kallo hannuna yana ƙaiƙayi: ga ƙafa an miƙo maka har gida, a bar ta ta koma?

Laraba, 18 ga Disamba

Ranar Jamhuriya, babu horo. Kumburi ya sauka.

Asabar, 21 ga Disamba

Na koma. An fara koya mini pumse na farko, Teguk il jang. Motsi 18 ne, ana yin su bi da bi kamar karatun allo, da kihap a na ƙarshe. Na farko ana juyawa hagu a kare ƙasa. Kowa ya juya hagu, ni na juya dama, sai ga ni fuska da fuska da yarinyar nan mai shuɗiyar ɗamara, dunƙulen hannuna a gaban hancinta. Ba ta ko ƙifta ido ba. Ta ce "Ɗaya hagun, Baba."

Na zana taswirar a bayan takardar awo na manna a bangon shago. Inda nake ɓata kullum shi ne na 17, wurin da ake juyawa a fuskanci baya.

Asabar, 28 ga Disamba

Wannan ce mafi muni, kuma ba ta dariya ba ce duka.

Lokacin kokowar takobi ne, gasar kokowa ta ƙasa, duk shagon da ka wuce rediyo ko talabijin na kai, mu ma a shago tun safe gardamar ƴan kokowa muke. Mutumin Maradi ba ya jin ana kokowa ya zauna lafiya, garin Kantu ne fa, wanda ya fara ɗaukar takobin a Tawa a 1975. Da wannan zafin jinin na isa fili. Metir ya ce yau farare za su ɗanɗana faɗa, a hankali, minti ɗaya. Aka ɗaura mini sulken ƙirji, wanda suke kira plastaron, da hular kai. Babba guda ne a filin, shi ma da ƙyar igiyar ta zagaye ni. Abokin karawata saurayi ne ɗan shekara 16 mai koriyar ɗamara, siriri kamar karan dawa.

Metir ya sake karanto doka. Harbi a sulke maki biyu, a kai maki uku, naushi a sulke maki ɗaya. Ba a naushin fuska, ba a duka ƙasa da ƙugu, ba a kamawa. Wanda ya karya doka a ba shi gamjom, abokin karawarsa ya samu maki ɗaya. Na ce na ji.

"Shijak!" Kafin in gama gyara tsayuwa yaron ya doki cikina sau biyu, fas, fas. Ban ga ƙafar ba, ƙarar kawai na ji. Yara suka ɗauki sowa. Na uku ya zo ta gefen hagu, kuma wallahi ban yi shawara ba, hannuna ne ya tafi da kansa. Na cafke ƙafar a hammata, na shiga jikinsa, na sa masa tawa ta baya, na ɗaga shi na kai ƙasa. Tabarmar roba guda shida ce kawai a filin, kuma rabin jikinsa ya sauka a wajenta, gwiwar hannunsa ta daki siminti. Ni kuwa na miƙe na ɗaga hannu sama ina zagayawa. Na yi taku uku kafin in lura babu mai tafi. Metir yana ta "kalyo! kalyo!", wato a rabu, tun ɗazu ban ji ba, ya durƙusa kan yaron. Yarona yana tsaye can gefe idonsa ya kawo ruwa.

Yaron ya kuje, bai karye ba, Alhamdu lillahi. Metir bai yi mini faɗa gaban yara ba. Bayan an tashi ya ja ni bayan aji, ya ce, "Baba, kai babba ne, ina jin nauyinka. Amma iyayen yaran nan amana suka ba ni. In hannunka ya fi ƙarfinka ka gaya mini in daina haɗa ka da kowa." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Shekara 20 ana yi mini kirari saboda wannan kayen, yau shi ne ya sa na kasa haɗa ido da ɗan cikina a kan moto har gida.

Litinin, 30 ga Disamba

Na je gidan su yaron a Bagalam da tsiren jika guda. Mahaifinsa dattijo ne, ya saurare ni har na gama, ya ce "Allah ya kiyaye gaba, Malam, ai wasa ne." Sannan ya tambaye ni wane ƙauye na yi kokowa, muka ɓata awa guda a kan haka. Yaron ya ce in koya masa kayen. Na ce sai Metir ya yarda, kuma a kan rairayi.

A fili an samo mini magani: duk lokacin aikin ƙafa, ina riƙe bakin ɗamarata biyu da hannu. Kamar akuyar da aka ɗaure, amma yana aiki. Ya kuma sa ni tsayuwa kan ƙafa guda, ya ce in tuna langa. Wannan na iya.

Laraba, 8 ga Janairu

Kuɗin wata jika biyu. Sanyi sosai. Pumse sau goma, na ɓata uku. Hannuna ya taɓa yatsun ƙafa, na dama kawai.

Asabar, 18 ga Janairu

Jarrabawa. Jika uku har da kuɗin ɗamara. Mu tara ne farare, takwas ba su kai kafaɗata ba. An gayyato wani babban metir ya zauna a tebur da bik da takarda. Gaisuwa lafiya, ƙirga lafiya, harbi daidai ƙugu na roƙa da bakina. A pumse na kai na 16 ba tuntuɓe, a na 17 kaina ya ɗauke, na tsaya cak ƙafa a sama. Daga cikin ƴan kallo na ji muryar yarona ƙasa-ƙasa, "hagu, Baba." Na juya hagu, na taka, na yi naushi, na yi kihap daidai misali. Babban metir ya ɗago ya dubi wajen da muryar ta fito, ya dube ni, ya yi rubutu.

An ba ni rawayar, da sharaɗin in sake yin pumsen ni kaɗai gaban Metir ranar Laraba ba mai raɗa mini. Na ga adalci ne. Da na zo ɗaura ta, bakin hagu ya fi na dama da kamu guda, yarinyar nan ta taso ba tare da an ce mata komai ba.

Litinin, 20 ga Janairu

Lissafi daga 2 ga Nuwamba: jika 24 cif, ban da na yaro. Bakwai daga ciki yatsa ne ya cinye, biyar da rabi yadi.

Ga abin da ban zata ba. Iyaye huɗu sun kawo awon ƴaƴansu, har da ɗaya daga matan da suka ga jan wando. Ta ce ta ga na biyun ya riƙe. Na sa jika biyar kowane, da yadina. Metir ya ce in na iya wuyan baƙi na manya shi ma yana so, zai kawo tsohon nasa in farke in gani. Yadin mai kauri ya ƙare a wurin wanda nake saye, ya ce sai kaya sun shigo sati mai zuwa, don haka gobe zan yanka hantsar duka huɗun da ragowar da ke hannuna. Laraba pumse. Faɗa kuma Metir ya ce sai bayan azumi, kuma da shi zan fara.